Kaset ɗin Yaya

A 1989 Yaya ya sayo wani kaset a kasuwar Sabon Gari, wadda daga gidanmu na Fagge tafiyar ƙafa ce. Waƙoƙin ƙungiyar Queen ne na Ingila, kuma a ciki akwai Bohemian Rhapsody, mai kusan minti shida. Ba ma jin Turancinta sosai. Amma a tsakiyar waƙar, daidai inda muryoyi ke hawa kan juna kamar ana rigima, sai a ji an ja basmala ɓaro-ɓaro. Nan magana ta tashi.

A shagon Yaya samari suka rabu biyu. Wasu suka ce mawaƙin, Freddie Mercury, Musulmi ne ɗan Zanzibar da ke ɓoye addininsa don tsoron Turawa. Wasu suka ce izgili ne, ai ya sayar da ransa ga Shaiɗan, waƙar ce takardar cinikin. Wani ma ya rantse cewa in aka juya zaren kaset ɗin za a ji abin da ya fi haka muni. Ba wanda ya taɓa juyawa.

Ni na kai maganar cikin gida. Ina ɗan shekara goma, ina son a ce na san wani abu, kuma na zaɓi zancen Shaiɗan don ya fi daɗin faɗa. Baba bai tambayi kowa komai ba. Ya shiga shagon bayan sallar isha, ya taka kaset ɗin, ya ɗauke rikodar da Yaya ya yi wata shida yana tara kuɗinta daga ɗinki. Yaya ya dube ni kawai.

Sai da na girma na karanta cewa lallai a Zanzibar aka haifi mutumin, a 1946, sunansa na yanka Farrokh Bulsara, amma iyayensa 'yan asalin Indiya ne mabiya addinin Zoroaster. Waƙar ta fito a 1975, kuma abin da ke cikinta a fili shi ne saurayi yana gaya wa uwarsa ya yi kisa. Har ya mutu a 1991 bai fayyace ma'anarta ba.

Bara na tura wa Yaya waƙar ta WhatsApp, tare da wannan bayani da doguwar ban haƙuri. Bayan kwana biyu ya amsa da murya, keken ɗinki na ƙara a bayansa: "Ƙanena, rikodar fa National ce, mai lasifika biyu."