Daga Birik Zuwa Elig-Edzoa Saboda Wata Jar Mota

Jama'a, wata bakwai ke nan kowace Asabar da hantsi ina barin gida a Briqueterie, wato Birik a bakinmu, in nufi Elig-Edzoa. Ba ni da dangi a can. Wata jar mota nake zuwa dubawa, ƙirar Toyota Celica mai ƙofa biyu, ta shekarar 2003, wadda aka ajiye a wani filin sayar da motocin gwanjo, da takarda manne a gilashinta: sefa 3,600,000.

Tafiyar ba ta da nisa. In na sauko daga unguwa na bar masu tsire suna hura gawayi da teloli suna buɗe shaguna, sai in tsaya a Warda, gefen babban ɗakin wasannin nan da Sinawa suka gina aka buɗe a 2009. Nan zan faɗa wa mai tasi inda za ni, in ya yi ham na shiga. Mu haura Nlongkak, mu gangara. Wani lokaci kuwa da ƙafa nake takawa, kuɗin tasin ya shiga asusu. Duk wanda ya taka Yawunde da ƙafa ya san ba banza ake ce mata gari mai tuddai bakwai ba.

Elig-Edzoa sunan Ewondo ne, ma'anarsa gadon Edzoa, kamar yadda ake da Elig-Essono da Elig-Effa. Tamu unguwar kuma daga wurin toya bulo na zamanin Turawa ta samo suna. Kasuwar Elig-Edzoa ta tumbatsa har bakin titi da gefen layin dogo, ga ayaba, ga rogo, ga manja, ga 'yan acaɓa kamar fari. Ta cikin wannan hayaniya nake ratsawa in isa filin. Dillalin ya saba da ni har ya daina tashi daga kujerarsa. Iyaka ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, amaryarka na nan."

Irin waɗannan motoci mutanen Nijeriya suke kira tokumbo ko Baljiyam. Da yawansu daga unguwar Heyvaert ta birnin Brussels ake tattara su, a loda su a jirgin ruwa a Antwerp, a sauke a Duwala. Kafin mota ta fita daga tashar jirgin sai an biya kwastan, kuma gwargwadon tsufanta gwargwadon nauyin harajin. Daga nan a koro ta kusan kilomita 240 zuwa Yawunde. Kowane hannu da ta bi ya ɗora nasa. Kamfanin Toyota ma ya daina ƙera Celica tun 2006, don haka in wani abu ya lalace a jikinta sai an nemo kwance, wataƙila har Camp Yabassi a Duwala.

Sharaɗin dillali shi ne in ba da kafin alƙalami sefa 1,500,000, sauran in biya cikin wata goma sha biyu, takardun mota suna hannunsa har sai na gama. Banki kuwa ban je ba. Bashinsu da ruwa yake, kuma ba na son in shiga masallaci ana nuna ni da baki. To ina malamin firamare zai samo miliyan ɗaya da rabi?

Sai adashi. Mu goma sha biyu ne, malamai huɗu, teloli uku, sauran 'yan kasuwa, zubi 75,000 kowane wata, mai kwasa ya tashi da 900,000. Maƙwabtanmu Bamileke sun fi mu tsanani a wannan harka, wadda suke kira tontine: wanda ya makara da zubi tara ce a kansa, ba sani ba sabo. Namu uban adashin dattijo ne mai shagon yadi, ba ya cin tara, amma kallon da zai yi maka ya fi tara zafi. Domin in cika zubin, na ɗauki yara biyar ina yi musu darasin lissafi da Faransanci bayan la'asar. Na rage zama wurin mai shayi. Tsiren daren Juma'a, wanda a Birik barinsa kamar barin gari ne, na mai da shi sau ɗaya a wata. Abin da ya yi saura nake jefawa a asusun katako da kafinta ya buga mini da ƙusa, kuma a lissafina ya kai 430,000.

Amma fa tara kuɗi a Birik ba kamar tara shi a wani wuri ba ne. Gidajenmu a manne suke, bango ɗaya, kwata ɗaya. In ka sayi sabon takalmi lungu ya sani kafin azahar. Tun da labari ya fita cewa Malam yana tari, ba a yi suna ko biki ko jinya ba a tuna da ni ba. Ban ga laifinsu ba, domin da mahaifina ya kwanta ciwo su ne suka tsaya. Sau biyu na ɓalle ƙusar asusun, sau biyu kafinta ya mayar yana dariya.

Mahaifin nawa shi ne asalin wannan kwaɗayi. Ma'aikacin gwamnati ne, ya tara kuɗi shekara da shekaru don ya sayi Peugeot 504. A 1993 aka zabtare albashi har sau biyu, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Dare ɗaya motar ta yi masa nisa. Ina ɗan makaranta a lokacin, na ga ranar da ya kwashe kuɗin ya sayo buhunan shinkafa da masara. Har ya rasu bai ƙara ambaton mota ba. Shi ya sa nake ɗan firgita duk sanda farashi ya motsa. Litar fetur ta tashi daga 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta kai 840 a Fabrairun 2024, alhali albashi yana tafiyar hawainiya.

Asabar ta makon jiya na tafi da makanike, wani tsohon ɗalibina. Bai ko kalli fentin ba. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, ya fito da tsatsa a yatsa. Ya ce gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara ne yake cin ƙarfe haka, amma bai yi nisa ba, inji kuma lafiya lau. Ganin da gaske muke, dillali ya yarda mu ɗana ta.

Kai, jama'a! Da muka hau kwalta mai kyau, na taɓa totur, sai na ji kamar an zare mini shekara ashirin. Tudun da nake haki a kansa ta haɗiye shi kamar lomar tuwo. Na ce a kai ni gida uwargida ta gani.

A bakin lungunmu aka yi ta. Cikin motar kusa yake da ƙasa, ga kwata da aka rufe da katako biyu. Muna ɗora ƙafar gaba sai ƙarar gurza, dillali ya dafe kai. Dole muka ja baya muka tsaya a bakin titi, nisan gida bakwai daga ƙofata. Yara suka yanyame ta. Uwargida ta fito da mayafi, ta zagaya ta sau ɗaya, ta leƙa kujerar baya.

"Malam, ta yi kyau ƙwarai. Ni da yara huɗu ta wace ƙofa za mu shiga?"

Na ce ana kwantar da kujerar gaba ne.

"To. In Hajiya ta zo daga Garwa, ita ma sai ta duƙa?"

Ban ba ta amsa ba, makanike kuma ya juya yana duba taya.

Kwasata ta adashi a watan Agusta take. Da ita da asusu zan sami 1,330,000, saura 170,000 in cika. Makarantu kuma farkon Satumba suke buɗewa, babbar 'yata za ta shiga ajin jarrabawa, akwai kuɗin rajista da littattafai da dinkin yunifom na mutum huɗu. Na zauna da alli na buga lissafin a bayan ƙofa har sau uku, bai canza ba.

Dillali ya ce wani ɗan sanda ma ya zo ya taya. Kullum haka yake cewa. A can ƙarshen filin kuma akwai wata farar Corolla mai ƙofa huɗu, doguwar ƙafa, wadda makanike ya nuna mini da haɓa muna fita. Asabar mai zuwa zan tambayi kuɗinta, amma sai na fara tsayawa wurin jar.