Yunwa Ba Horo Ba Ce

Ina cikin masu ƙarar da data wajen kallon gasar hawan bango a YouTube. Wasan ya shiga Olamfik ne a gasar Tokyo da aka yi a 2021, kuma ni dai Janja Garnbret 'yar Sulobeniya ce gwanata. Ita ta ɗauki zinare a can, ta sake ɗauka a Faris a 2024.

Amma wallahi lissafin da ke bayan wasan yana tayar min da hankali. Mai hawa da yatsunsa yake jan duk jikinsa, shi ya sa wasu ke ganin kowane kilo da suka zubar riba ce. Sai su fara tsallake abinci. Da farko suna haye bango kamar ƙadangare, daga baya ƙashi ya yi rauni, jijiyar yatsa ta tsinke, al'adar mata ta ɗauke, damuwa ta yi katutu. Likitoci na kiran wannan ƙarancin kuzari RED-S.

A 2023 likitoci biyu, Eugen Burtscher da Volker Schöffl, suka ajiye muƙamansu a hukumar wasan ta duniya, IFSC, suna zargin ta da jan ƙafa kan lamarin. Janja ma ta fito ta yi magana. Sai a 2024 hukumar ta kafa dokar duba lafiyar 'yan wasa kafin gasa.

'Yan'uwa masu shirin NIPOGA, in abokinka ya fara gudun abinci, yana hawa sikeli safe da yamma, don Allah kar ka yaba masa. Ka zauna da shi, ka raka shi asibitin makaranta.