Jiran Ƙanƙara a Bakin Jan Tabki

Idan Allah Ya kai ka jihar Minesota da ke arewacin Amurka a ƙarshen watan Nuwamba, za ka iske mutane suna yi wa juna tambaya ɗaya a gidan mai, a shagon kayan masarufi, har da bakin makarantar yara: “Inci nawa?” Kada ka ɗauka tela ake nema. Kaurin ƙanƙarar da ta rufe tabki suke tambaya, domin a can sai ruwa ya daskare ake buɗe kakar su, kuma a tsakiyar tabkin ake zama a yi fatsa.

Jihar tana taƙama da laƙabin ƙasar tabkuna dubu goma, har a lambar mota suke rubuta shi, alhali ƙidayar hukuma ta kai 11,842. A cikinsu akwai wanda masu fatsa suka fi zuba wa ido a farkon hunturu, Upper Red Lake, wato Jan Tabki na Sama. Daga birnin Miniyapolis ka miƙi hanya arewa, tafiyar kusan awa biyar a mota, sai gonaki su ƙare, daji da fadama su karɓe, ka iso wani ɗan ƙauye mai suna Waskish a gabar gabas. Ƙauyen bai kai unguwa guda a Sabon Gari ba, amma da sanyi ya kama, motoci masu jan tirela kan cika shi. Dalilin kuwa shi ne tabkin faɗi gare shi, ba shi da zurfi, wurin da ya fi zurfi bai wuce taku 15 zuwa 20 ba, saboda haka yana cikin manyan tabkunan da ke rigan sauran daskarewa. Ga shi da kifin da suke kira walleye, wanda jihar ta ɗauka a matsayin kifinta na alfahari, mai farin nama marar ƙarni.

Mutanen wurin sun san jira. A shekarun 1990 kifin ya kusa ƙarewa saboda yawan kamu. Al'ummar Ojibwe, 'yan asalin ƙasar waɗanda mafi yawan ruwan ke ƙarƙashin ikonsu, suka dakatar da sun kasuwanci a 1997, gwamnatin jiha ta hana kama walleye a nata ɓangaren a 1999, aka yi ta zuba 'ya'yan kifi, ba a sake buɗewa ba sai 2006. Wanda ya jure shekara bakwai, za ka ce mako biyu ba zai gagare shi ba. To amma duk shekara sai an samu waɗanda ya gagara.

Ka tsaya a bakin gaɓa da safe ka duba. Fari fat, shimfiɗe har inda ido ya tsaya, kamar filin idi da aka share. Iska na yanka kunne, numfashinka na fita kamar hayaƙi, gashin hancinka na daskarewa. Kana iya jin wani sauti daga ƙarƙashi, wani lokaci kamar gurnani, wani lokaci kamar an tsinka waya mai tsawo. Baƙo yakan ja da baya in ya ji shi, 'yan gari kuwa murmushi suke yi, domin sau da yawa ƙanƙara ce ke miƙewa da takurewa yayin da sanyi ke sauyawa. Abin da ke tsorata su daban ne: ranar da gari ya yi ɗumi, da iska mai ƙarfi, da dusar ƙanƙara da ta sauka tun ruwan bai yi kauri ba.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda abin ke faruwa, don a nan hikimar jiran take. Ruwa ya fi nauyi a ma'aunin digiri 4. Idan kaka ta shigo, ruwan sama ya yi sanyi, sai ya nutse, na ƙasa mai ɗumi ya taso, a yi ta juyawa har sai tabkin gaba ɗaya ya sauko kusa da digiri 4. Daga nan ne kawai ruwan saman zai iya ci gaba da sanyi ba tare da ya nutse ba, har ya daskare. Shi ya sa tabki mai zurfi ke jinkiri, marar zurfi ke sauri. Ƙanƙara kuma ta fi ruwa sauƙin nauyi, sai ta yi ta iyo a sama kamar murfin tukunya, kifi na ƙasa yana harkarsa har bazara. Kaurinta daga ƙasa yake ƙaruwa, dare bayan dare, muddin sanyi na ratsa ta. Idan dusa ta sauka ta lulluɓe ta, ta zama bargo ke nan, sanyin ba ya ratsawa, girman ya tsaya, ga nauyin dusar a kai. Wato ranar da tabkin ya fi kyau a hoto tana iya zama ranar da ya fi haɗari.

Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar tana da ma'auni da kusan kowane yaro a can ya haddace. Ƙasa da inci 4, wato kamar santimita 10, kada ka taka. Inci 4 na ɗaukar mutum a ƙafa. Babur ɗin dusa yana buƙatar inci 5 zuwa 7. Ƙaramar mota sai an haura inci 9, babbar a-kori-kura kuwa sai taku guda da ɗoriya. Duk wannan lissafi na sabuwar ƙanƙara ne, mai garau kamar gilashi, wadda in ka duba ta sama sai ka ga ta yi baƙi-baƙi saboda ruwan da ke ƙasa. Farar ƙanƙara, wadda dusa ta narke ta sake daskarewa, ƙarfinta kusan rabin na waccan ne, don haka sai a ninka lissafin. Kuma hukumar ba ta taɓa cewa ga tabki kaza ya zama lafiyayye ba. Matsayinta shi ne babu ƙanƙarar da za a ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari a kanta, kuma ba ita ke auna maka ba, kai za ka auna.

Yadda ake aunawar ma abin kallo ne. Mutum zai fito da dogon ƙarfe mai kaifin baki, kusan irin dagin da ake haƙa rami da shi a gida, yana tafe yana sara gabansa kafin ya ɗora ƙafa. In ƙarfen ya huda da sara ɗaya, ruwa ya ɓullo, ya juya ta inda ya fito, ba gardama. In bai huda ba, ya ci gaba, bayan kamar taku 150 ya tsaya ya huda rami da na'ura, ya zura awo ya maƙalo ƙasan ƙanƙarar ya karanta. Sai ya sake. Inci shida a nan ba ya hana inci biyu a can, musamman kusa da bakin kogi, ƙarƙashin gada, wurin da ciyawa ta tsiro, ko inda marmaro ke ɓulɓulowa daga ƙasa. A Waskish masu masaukin baƙi ne ke wannan aiki kullum da asuba, su kafa alamu a hanyar da suka gwada, su sanar a Facebook cewa yau ƙafa kawai, ko yau an yarda da babur. Abincinsu yana kan ƙanƙarar nan, kowace ranar jira asara ce gare su, kuma duk da haka su ne ke tare hanya su ce wa baƙon da ya yi tafiyar awa biyar ya haƙura. Ni dai ina ganin wannan ya fi komai wuya a sana'ar.

Ko an yi duk wannan, Jan Tabki yana da wata ɗabi'a tasa. Saboda faɗinsa, a farkon kaka ƙanƙarar ba ta gama kama gaɓa ta ko'ina ba, sai iska ta taso ta tura falle guda, girmansa kamar gari, ya rabu da tudu ya tafi da duk wanda ke kansa. Ranar 28 ga Nuwamba 2022 haka ta faru. Mutum kusan 200 suna zaune suna fatsa, wasu ba su ma san sun rabu da ƙasa ba sai da saƙon gaggawa ya shigo wayoyinsu. Masu ceto suka nemo wurin da tsagar ta fi ƙunci, suka ɗora gadar wucin gadi, aka tsallakar da kowa. Ranar 29 ga Disamba 2023 aka sake, aka kwaso mutum 122. Kafin jami'ai su iso, wasu suka gwada ɗebo mutane da ƙaramin kwalekwale, mutum huɗu suka faɗa ruwa, aka yi sa'a aka ciro su. Lura da kwanan watan: ƙarshen Disamba, lokacin da a shekarun da aka saba motoci ke yawo a kan tabkin. Hunturun 2023 zuwa 2024 shi ne mafi ɗumi da aka taɓa rubutawa a jihar, kuma wanda ya dogara da cewa bara war haka ya shiga da mota, ya dogara da abin da babu shi.

Watakila ka ce, mu da ƙanƙararmu ba ta wuce ta cikin firji da ta mai sayar da zoɓo, ina ruwanmu? Ka duba gidanku ko na maƙwabta. Da wuya a rasa ɗa ko 'ya ko ƙani da ya tafi karatu ko aiki Kanada, ko arewacin Amurka, ko ƙasashen arewacin Turai. Wanda aka haifa a can ya taso da tsoron ƙanƙara kamar yadda ɗanmu ya taso da tsoron rijiya. Namu kuwa ya sauka ne da girmansa, ya ga kududdufin bayan gida ya zama farin fili, ya ga sawun kare a kai, ya ce bari ya ɗauki hoto ya aika gida. Ƙananan yara ma sun fi shiga haɗari, domin a unguwanni da yawa akwai tafkunan tara ruwan sama dab da gidaje, kuma su ne ke fara yin ɓawon ƙanƙara mai ruɗi. Idan kuna waya da su a wannan watan, bayan tambayar karatu da sallah, ku tambayi wannan ma.

Ku kuma gaya musu abin da jiki ke yi in an faɗa. Wani malamin jami'ar Manitoba a Kanada, Farfesa Gordon Giesbrecht, wanda ya shafe shekaru yana nazarin mutum a ruwan sanyi, ya taƙaita shi da lamba uku: 1, 10, 1. Minti ɗaya na farko numfashi ke ƙwacewa, mutum ya ja iska da ƙarfi ba da sonsa ba, in kansa na cikin ruwa a lokacin, ruwa zai shaƙa. Aikin wannan minti shi ne riƙe kai a sama har numfashi ya daidaita. Sai minti goma da hannu da ƙafa ke da sauran amfani kafin su sandare. Sai kusan awa ɗaya kafin sanyi ya kai ga gushewar hankali. Ma'ana akasarin waɗanda ke mutuwa nutsewa suke yi tun sanyin bai kai ga kashe su ba. A cikin mintin goman nan, mutum ya juya ya fuskanci inda ya fito, don ita ce ƙanƙarar da ta ɗauke shi ɗazu. Ya ɗora hannuwa a kai, ya miƙe ƙafafu baya yana bugun ruwa kamar mai iyo, ya ja cikinsa sama. Masunta na rataya wasu tsinken ƙarfe biyu a wuya, kamar basilla mai mariƙi, don cakawa su ja jiki, saboda jiƙaƙƙiyar ƙanƙara ba ta da wurin kamawa. In ya fito kada ya miƙe tsaye, ya mirgina har ya yi nisa.

Wanda ke gaɓa kuma, zuciya za ta ce ya ruga. Kada ya ruga, ramin da ya ci mutum ɗaya zai ci biyu. Ya kira lambar gaggawa, ya jefa igiya, ko ya miƙa sanda ko tsani daga nesa yana kwance. In an fito da mutum, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe ƙirji da ciki da kai, a ɗauke shi a hankali, kada a murza masa hannu da ƙafa, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware.

To, a ce sanyi ya yi abin da ake so, dare goma a jere babu dusa, awo ya nuna abin da ake jira. Ka dawo Waskish a watan Janairu ka ga ikon Allah. An share tituna a kan ruwa, da alamun hanya, motoci na tafiya a hankali, gilashi a sauke, bel a kwance, don in ta fashe a samu fita. Can ciki ga ɗakuna birjik, wasu tantuna ne, wasu kuwa tireloli masu gado da murhu da talabijin, an huda ramuka a daɓensu. Iyali guda za su kwana biyu a ciki, uba da uwa da yara, kowa ya zura zarensa a rami mai faɗin faranti, an ɗaura wata 'yar ƙararrawa da ke kaɗawa in kifi ya ja da tsakar dare. Rana gajera ce, kafin ƙarfe biyar na yamma magariba ta yi, kuma daidai wannan lokaci walleye ya fi cin ƙugiya. Wanda ya saba da hayaniyar Argungu, inda dubban masunta ke rugawa ruwa lokaci guda da homa da gora, zai yi mamakin wannan su na shiru, kowa a ɗakinsa yana kallon rami.

A cikin ɗakunan nan ne haɗari na biyu yake, kuma shi kam mun san shi sarai. Ana ɗumama su da hitar gas, ƙofa a rufe, an toshe duk wata kafa saboda sanyi. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, tana farawa da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, sai barci mai nauyi. An sha samun masunta a mace a ɗakinsu, ƙanƙara mai kaurin taku biyu a ƙarƙashinsu ba ta ko tsage ba. Shi ya sa ake matsa musu su saka na'urar da ke ƙara in iskar ta taru, su bar kafar shan iska a buɗe, su riƙa duba ko dusa ta toshe ta. Iskar nan ita ce dai wadda kaskon gawayi ke fitarwa a ɗakin da aka rufe ruf a daren hunturu, ita ce ta janareta da aka shigar cikin falo ko baranda saboda tsoron ɓarayi. Idan mutum biyu ko uku a gida ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda, kuma akwai wuta ko inji a kusa, a buɗe ƙofa da taga, a fita da kowa waje, a nufi asibiti.

Cikin watan Maris doka ke tilasta a kwashe ɗakunan daga kan ruwa. Titunan su fara tara ruwa, ƙanƙarar ta yi duhu ta ruɓe daga ciki, ta yadda ko mai kaurin taku guda ba abin yarda ba ce. Masu masauki su cire alamunsu, su ja gadojin ƙarfen da suka ɗora a kan tsagogi zuwa tudu. Daga nan sai wajen ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu iska ta tattara ragowar ta tura gaɓa, a fito da jiragen ruwa.