Baturen da ya fara sauke jirgi a Kano, da yaranmu na Damari

Tun jiya nake danne zuciyata, yau dai ta ƙi dannuwa. Kun ga ɗan rubutun da na sa kan Baturen da ya fara sauko da jirgin sama a Kano. Wani ƙanina, wanda ba zan kama sunansa ba saboda girman mahaifinsa, ya shigo ƙasan rubutun ya ce wai ni da garinmu ya tashi na rasa abin yi sai yabon ɗan mulkin mallaka. Ya ce me ya haɗa mutumin Damari da jirgi in ban da gudu idan ya ji ƙararsa. To ƙanina, maganarka ta ƙarshen nan gaskiya ce, kuma ita ce ta sa na yi rubutun tun farko.

Ga waɗanda ba su gani ba, sunan mutumin Arthur Coningham. An haife shi a 1895 a ƙasar Ostareliya, ya tashi a Niyu Zilan. Gidansu ba kwanciyar hankali, iyayen sun rabu, shi kuwa da ya bar makaranta aikin gona ya kama. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke ya shiga soja, taifod ta kwantar da shi, aka sallame shi a 1916. Bai zauna gida ba. Ya biya wa kansa kuɗin jirgin ruwa zuwa Ingila ya nemi a koya masa tuƙin jirgin sama, alhali jirgin kansa shekararsa 13 kacal da fara tashi a duniya.

Ranar 27 ga Oktoba 1925 ya jagoranci jirage uku suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira. Kada ku kawo jirgin alhazai na yau a ranku. Katako ne aka ja masa yadi, fukafukai hawa biyu, inji ɗaya, mutum biyu a ciki kawunansu a waje, iska da ƙura suna dukan fuska. Suka bi kogin Nilu har Hartum, suka yanko yamma ta Fashir da Abeshe da garin da yau ake kira Njamena, suka biyo Maiduguri, ranar 1 ga Nuwamba suka dira Kano, zamanin Sarki Usman. Filin jirgi babu shi lokacin, a filin sukuwa suka sauka. Duk wanda kakansa ya je Makka da ƙafa ya san wannan hanyar, ta alhazai ce, Baturen ya biyo ta ne ta baya. Tafiyar da kakanninmu ke shekara da shekaru a kanta, suna yada zango a Sudan suna noman auduga don neman guzuri, wasu ma su zauna can har mutuwa, shi ya cinye ta ƙasa da mako guda.

A yaƙin duniya na biyu hanyar nan ta zama jijiya. Ana sauke jirage a akwatuna a Takoradi ta Gana, a haɗa su, su biyo ta Kano da Maiduguri har Masar, inda shi ɗin dai ya zama shugaban mayaƙan saman da ke yaƙin hamada. Ya yi ritaya a 1947. Ranar 30 ga Janairu 1948 jirgin da ya shiga a matsayin fasinja ya ɓace a teku kan hanyar Bamuda, har yau ba a ga ko ƙusarsa ba. Ikon Allah, a ranar ce Orville Wright ya rasu, ɗaya daga cikin 'yan uwan nan biyu da suka fara tashi da jirgi a 1903.

Yanzu maganar yabo. A ina na yabe shi? Jirgin da ya sauka a Kano jirgin jefa bam ne. Kafin ya zo ƙasarmu yana Iraƙi, inda Ingila ke amfani da irin jiragen nan tana ruwan wuta kan ƙauyukan da suka ƙi yi mata biyayya. Na san wannan sarai, ba sai wani ya tuna min ba. Tun ranar farko jirgi ya zo da alheri da sharri a cikinsa. Kano ta ci alherin: daga 1936 jiragen wasiƙu da fasinja suka fara zuwa, filin ya girma ya zama na Malam Aminu Kano, alhazai suka huta da doguwar tafiyar ƙafa. Mu kuwa da aka raba, ɗayan kason aka miƙo mana.

Kun san yadda muka bar Damari ta Birnin Gwari a 2022, lokacin da 'yan Ansaru da 'yan bindiga suka mai da garinmu filin daga, ba sai na sake tayar da wannan ba. Abin da ke ci min rai shi ne yaran da suka yi wayo a cikin wannan hali. Yaro ɗan shekara bakwai yana bambance ƙarar mai saukar ungulu da ta jirgin yaƙi tun kafin babba ya ɗaga kai. Ya san ya kwanta, ya san ya bar kusa da babura. Amma ka tambaye shi wa ke tuƙa abin, sai ya tsaya yana kallonka. Bai taɓa kawowa a ransa cewa ɗan Adam ne zaune a ciki ba, mai uwa da uba, wanda ya zauna a aji ya koyi lissafi.

Na san wasu za su juyo ta ɗaya gefen su ce ina zagin sojoji. Allah ya kiyaye. Akwai ranakun da ƙarar jirgin nan ce ta tarwatsa waɗanda suka nufo mu, kuma matuƙan suna sa ransu a tafin hannu. Tolulope Arotile, mace ta farko da ta tuƙa mai saukar ungulu na yaƙi a ƙasar nan, a Kaduna ta tashi ta yi makaranta, ta yaƙi 'yan bindiga a jihar Neja maƙwabciyarmu kafin ta rasu a 2020 tana da shekara 24. Allah ya saka wa masu tsare mu. Sai dai kada a ce mu manta Tudun Biri, inda jirgi marar matuƙi na soja ya hallaka mutum fiye da 80 a wajen Mauludi a Disamban 2023. Yaranmu sun ji labarin.

Abin haushin, makarantar koyon tuƙin jirgi tana Zariya tun 1964. Mu na gabashin Birnin Gwari, Giwa ce kawai tsakaninmu da ita. Ɗan abin da na sani kan shiga shi ne sai yaro ya ci darussa biyar a jarrabawar gama sakandare, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks, sannan likita ya tabbatar da lafiyar ido da kunne da zuciya. Kuɗinta ya fi ƙarfin talaka, shi ya sa gwamnatoci ke ɗaukar nauyi; Kano ta taɓa tura matasa 100 Jodan koyon tuƙi. Wanda ba shi da mai biya masa, akwai makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Kaduna, can ba kuɗin makaranta ake nema ba, ƙwaƙwalwa da ƙarfin jiki ake nema.

Za ku ce yaron da bai ƙoshi ba ake wa maganar tuƙin jirgi? Eh, shi ɗin. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai keɓe neman ilimi ga 'ya'yan birni ba. Coningham, wancan ɗan ƙwadagon gonar, ba mala'ika ba ne, ya dai samu ƙofa a buɗe ya shiga. Mu ƙofar tamu a aji take rufewa, tun kafin a kai ga maganar kuɗi. An yi sulhu da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, kasuwar shanu ta Birnin Gwari ta dawo ci, mun gode Allah, amma ban ji ana maganar wanda zai koyar da fiziks a ƙauyukanmu ba. Idan akwai malamin da zai yarda ya zauna a Damari ko da zango ɗaya ne, ya yi min magana ta akwatin saƙo. Ɗaki da abinci mu za mu san yadda za mu yi.