Ruwan Ƙarƙashin Adar: Daga Tawa zuwa Kaita

Da sanyin Janairu muka bar Tawa, muka hau hanyar Agadas, wadda aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 saboda motocin yuraniyom na Arlit. Abokin tafiyata injiniyan ruwa ne. Ko ina ka duba tudun jan dutse ne da faƙo, sai ƙaya jefi-jefi. Adar ba ta da kogin da ke gudu rani da damina. Ƙoramu ne ke ɓallewa in an yi ruwa, su yashe gonaki, kafin a gama girbi sun koma rairayi.

Mun ɗan tsaya a Tabalak. Tafkin garin na nan a miƙe gefen hanya, masunta na kasa kifi, shanun Fulani da raƙuman Buzaye na sha, injinan ban ruwa na ta ƙugi cikin garake. Tun 2005 yake cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Kowa na ɗiba, ban ga mai awo ba.

Daga nan muka juyo muka nufi Kaita. A kwarin Kaita ne aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a 1984, da kuɗin Italiya da hannun FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Mata ne suka fi ɗaukar dutse a ka, aka jera shi a kan tuddai, aka yi ƙananan madatsai don ruwa ya tsaya ya nutse. Albasar da ta rufe fadama yau, wannan ruwan take sha.

Na tambayi wani tsoho da ke ban ruwa, "Baba, rijiyar nan gaba nawa ce?"

Ya ce, "Yanzu uku, ɗana. In bazara ta kama, sai a ƙara igiya."

Ƙarƙashin wani gawo injiniya ya buɗe kwamfuta ya nuna mini sana'arsu. Ana yanka taswira gida-gida, a zuba wa kowane gida adadin ruwan sama, da wanda ke nutsewa, da wanda ake ɗiba. Sai a tura lissafin shekara ashirin ko talatin gaba, a ga inda ruwa zai tsaya in an ƙara masana'anta, ko in fari irin na 1973 da 1984 ya dawo. Cibiyar OSS da ke Tunis ta yi haka ga ruwan ƙarƙashin ƙasa na Iullemmeden, wanda Nijar, Najeriya da Mali ke tarayya a kai. Ta gano ɗibar ta tashi daga kusan kubik mita miliyan 50 a 1970 zuwa miliyan 180 a 2004, alhali abin da ke komawa ƙasa a shekara kusan miliyan 150 ne.

Ga kuma masu manyan bututu. Malbaza na yin siminti tun shekarun 1960. A 2014 Shugaba Mahamadou Issoufou ya aza harsashin tashar wutar kwal ta Salkadamna mai megawat 600, a 2018 kuma aka aza na simintin Dangote a nan Kaita. Tashar kwal ba ta san damina ko rani ba, kullum sai ta sha. Masana'anta tana haƙa mita ɗaruruwa, mai garka gaba uku. Ko zuƙar ta ƙasa za ta janye ta sama, wannan ya danganta da kaurin yumɓun da ke tsakaninsu, kuma ba ɗaya yake ba daga kwari zuwa kwari.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, masana'anta tana zuwa da lambobinta a rubuce, mai albasa da makiyayi kuwa ba su da takarda. Wanda kwamfuta ba ta san shansa ba, ranar rabo ba za ta fitar masa da kaso ba.

Injiniya na da dabararsa. Ya koma wurin tsohon da littafi a hannu, ya tambaye shi litar mai nawa injinsa ke ci a mako, awa nawa yake aiki, wata nawa albasa ke yi kafin a cire. Daga man da aka ƙona ake ƙiyasta ruwan da aka ɗaga. Haka muka bi garka-garka har la'asar, wasu na amsawa, wasu na tsammanin masu haraji ne.