Buhun da ba a soka masa ƙarfe



Mu da muke sana'ar wake a kasuwar Bodija a nan Ibadan, akwai wata tambaya da ta zame mana ruwan dare a bakin rumfa. Mace za ta zo, ta damƙi wake ta kai hanci, sannan ta ce, "Malam, ka sa magani?" Kwanakin baya wata Iya mai tuyar ƙosai, wadda ta fi shekara goma tana saye a hannunmu, ta tsallake tsaftataccen farin wake ta zaɓi wanda ƙwaro ke yawo a kansa. Muka ce, "Iya, ga mai kyau nan." Ta ce abin da bai kashe ƙwaro ba, ba zai kashe jikokinta ba. Mun yi dariya, amma maganar ta kwana da mu.

Kuma ba za mu ce ba ta da hujja ba. Duk wanda ya taɓa ajiye wake ya san halin ƙwaron nan. Tun daga gona yake biyo kaya. Macen ta manna ƙwai a jikin ƙwayar wake, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige ciki, cikin kamar wata guda ta fito ta zama uwa ita ma. Ka sayo kaya a Dawanau da kaka, ka kulle sito kana jiran farashi ya ɗaga, bayan wata uku ko huɗu ka buɗe ka tarar da ramuka da gari. Tsoron wannan asara ne ya sa da yawa daga cikinmu suka riƙa yayyafa fiya-fiya. Ba sai mun nuna juna da yatsa ba, mun san an yi. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan guba da aka samu a ciki, aka kuma yi ta tsawaita dakatarwar. Wanda Turawa suka ƙi, a tukwanenmu ya ƙare, har da na gidajenmu a Sabo, domin matanmu ma daga buhun nan suke ɗiba su yi alale.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, shekara da shekaru motocin kayanmu suna wucewa ta gaban katangar IITA a kan hanyar Oyo, ba mu taɓa tambayar me ake yi a ciki ba. Mun ɗauka wurin masu farar riga ne kawai. Ashe tun 1967 cibiyar take nan, wake yana cikin manyan abubuwan da take bincike a kansu, tana da ma'ajiyar irin wake sama da kala 15,000, tana kuma da reshe a Kano.

Wani yaronmu da ya karanta aikin gona shi ya fara kawo mana buhun PICS. Asalin dabarar daga Jami'ar Purdue ta Amurka ne tare da masu bincike a arewacin Kamaru, tun wajen ƙarshen shekarun 1980. A 2007 aka fara yaɗa ta sosai a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, IITA tana cikin waɗanda suka kai ta ƙauyuka a Najeriya. Buhu ne mai ninki uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Babu magani ko ɗigo. Ana zuba busasshen wake, a matse iska, a murɗe bakin ledar farko a lanƙwasa a ɗaure, a yi wa ta biyu haka, sannan buhun waje. Ƙwarin da ke ciki su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu.

Babban cikinmu bai yarda ba. Ya ce, "Kai yaro, leda ce za ta yi abin da magani ya kasa?" Yaron ya ce, "Baba, a ba ni buhu biyar kawai." Aka ba shi. Bayan wata biyar muka kwance. Huɗu sun fito kamar ranar da aka zuba su. Na biyar ya lalace, kuma laifinmu ne: wani mai saye ya zo, ɗaya daga cikin yaran rumfa ya ɗauki ƙarfen da muke soka wa buhu don nuna samfur, ya soka masa. Ɗan rami ɗaya ya isa.

Nan ne gizo ke saƙa, kuma duk mai tallata buhun nan ya kamata ya faɗa. An yi shi ne da manomi a rai, wanda zai ɗaure ya jingine a ɗaki ya manta da shi. Mu kuwa kasuwa muke. Mai saye yana so ya ga ciki. 'Yan dako suna wurgo buhu daga kan tirela. Ɓera yana nan, shi ma haƙorinsa ƙarfen soka ne. Ga kuɗin buhun, wanda ya ninka na buhun da muka saba, ko da yake idan ledar ba ta huje ba ana sake amfani da ita kaka biyu ko uku. Ga kuma jabu, leda sirara da ba ta riƙe iska.

Don haka muka sauya tsari maimakon mu watsar da shi. Kayan da za su fita cikin mako biyu ko uku suna zama a buhunsu na da. Na ajiya kaɗai muke juyewa a PICS bayan sun iso Ibadan, mu ɗora a kan katako nesa da bango. Kafin a zuba, sai an cika ledar da iska an matsa a ji ko tana yoyo. Waken da bai bushe sarai ba, ba ya shiga. Samfur kuma muna ware shi a kwano tun ranar ɗauri, ƙarfen soka ba ya shiga wannan sito.

Iya mai ƙosai ta dawo a makon jiya, ta yi tambayarta kamar kullum. Wannan karon muka kwance buhu a gabanta, leda bayan leda. Ta kai hanci, ta juya waken a tafin hannu, ta ga matattun ƙwari biyu a ciki. Ta sayi kwano shida, ta kuma tambaya ko za mu sayar mata da ledar.