Amanar aboki da amanar jama'a: yadda John Lewis ya sauya gwani a 2008

A zaɓen gama-gari, mara wa ɗan takara baya abu ne mai sauƙi, domin jam'iyya ta riga ta yi wa ɗanta zaɓi. Zaɓen fidda gwani kuwa rigima ce ta cikin gida: duk wanda aka ɗaga wa hannu, an juya wa wani ɗan'uwa baya ke nan, kuma gobe a tabarma ɗaya za a zauna da shi. Cikin waɗanda suka ɗanɗani ɗacin wannan zaɓi a siyasar Amurka, kaɗan ne suka kai John Lewis, ɗan Majalisar Wakilai daga birnin Atlanta na jihar Jojiya, a fafatawar Hillary Clinton da Barack Obama ta neman tikitin jam'iyyar Dimokurat a 2008.

Nauyin kalmar Lewis ya samo asali ne daga tarihinsa. An haife shi a 1940 a ƙauyen Alabama, cikin iyalin manoma 'yan haya. Yana da shekara 23 ya zama mafi ƙarancin shekaru cikin manyan masu jawabi a gangamin Washinton na 1963. Ranar 7 ga Maris 1965 yana sahun gaba na masu tattakin neman 'yancin jefa ƙuri'a a garin Selma, inda 'yan sandan jiha suka fasa masa ƙoƙon kai da kulki a gadar Edmund Pettus. Wata biyar bayan haka aka sa hannu kan Dokar 'Yancin Zaɓe. Saboda haka, a idon baƙar fatar Amurka, goyon bayansa tamkar shaida ce daga bakin wanda ya biya farashin ƙuri'a da jininsa.

A watan Oktoba 2007 ya bayar da wannan shaida ga Hillary Clinton, kuma yana da hujja. Abota ce ta shekaru tsakaninsa da iyalin Clinton, ya kuma tsaya wa Bill Clinton a lokacin da majalisa ta nemi tsige shi. Ƙuri'un jin ra'ayi na lokacin suna nuna Hillary a gaba, har ma a tsakanin baƙar fata 'yan jam'iyyar. Dattawa da yawa da suka rayu a zamanin wariyar launin fata ba su gaskata cewa farar fata za su zaɓi baƙi ya shiga Fadar White House ba, kuma suna tsoron ɓarnatar da ƙuri'a, wasu ma suna tsoron abin da zai sami ran Obama. Lewis ya san wannan tsoro: yana cikin ma'aikatan kamfen ɗin Robert Kennedy a Los Anjeles a daren da aka harbe shi a 1968, jim kaɗan bayan ya lashe zaɓen fidda gwani na Kalifoniya.

Cikin wata uku lissafin ya rushe. Ranar 3 ga Janairu 2008 Obama ya lashe Ayowa, jihar da kusan duk mazaunanta farar fata ne, sai hujjar "ba za su zaɓe shi ba" ta faɗi. Ranar 26 ga wata ya lashe Karolina ta Kudu da kusan kashi 55 cikin ɗari, kuma furucin Bill Clinton na tunatar da cewa Jesse Jackson ma ya taɓa cin jihar a 1984 da 1988 ya ɓata wa mutane da yawa rai, domin sun ɗauke shi a matsayin rage wa nasarar daraja. Kwana biyu bayan nan Sanata Edward Kennedy ya mara wa Obama baya. Ranar 5 ga Fabrairu jihar Jojiya ta ba Obama kusan kashi biyu cikin uku na ƙuri'unta, mazaɓar Lewis kuwa ta zarce haka.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne tsarin jam'iyyar. Tun farkon shekarun 1980 Dimokurat ta ware wa gwamnoni da 'yan majalisa da jiga-jiganta kujerun manyan daliget, waɗanda sakamakon zaɓen jiha bai ɗaure su ba. A 2008 sun kusa 800, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na dukkan daliget ɗin babban taro. Da yake tazarar 'yan takarar biyu ba ta da yawa, an fara hangen cewa waɗannan manya ne za su raba gardama. Goyon bayan Lewis, wanda a da ado ne ga kamfen, ya koma ƙuri'a ta gaske da za ta iya taimakawa wajen soke abin da talakawan mazaɓarsa suka zaɓa. Mutumin da aka doka saboda a ƙirga ƙuri'ar baƙar fata ya tsinci kansa a matsayin da zai iya danne ta. Bugu da ƙari, wani matashin limamin coci, Markel Hutchins, ya fito neman kujerarsa.

Bayan kusan mako biyu na jita-jita da musantawa, ranar 27 ga Fabrairu ya sanar da komawarsa ga Obama, yana mai cewa aikinsa shi ne bayyana muradin mutanen da yake wakilta. Ya kuma shaida wa 'yan jarida cewa tsallaka gadar Selma ya fi masa sauƙi a kan wannan shawara. Maganar tana da ma'ana: a Selma ya san wanda ke gabansa abokin gāba ne, a nan kuwa amini ne zai ji ciwon. Ba kuma karo na farko ba ne. A 1986, kujerar da yake kai ya same ta ne bayan ya kayar da tsohon abokin gwagwarmayarsa Julian Bond a zaɓen fidda gwani mai zafi, abin da ya raunata zumuncinsu na tsawon shekaru.

Masu suka sun ce alkawari kaya ne, wanda ya ɗauka a lokacin rinjaye bai kamata ya sauke ba don iska ta juya, suna kuma nuni da cewa tsoron rasa kujera yana cikin lissafin. Wannan suka tana da ƙarfi, domin akwai waɗanda suka bi ɗaya hanyar cikin mutunci. Emanuel Cleaver na Mizuri da Stephanie Tubbs Jones ta Ohayo, duka baƙar fata ne a majalisar, sun tsaya tare da Hillary duk da matsin lamba, har ta janye ranar 7 ga Yuni. A wurinsu, ɗan siyasar da kalmarsa ke bin rinjaye ba shi da abin da zai bayar gobe.

Sai dai alkawarin siyasa yana da masu haƙƙi fiye da biyu. Darajar da Lewis ya miƙa wa Hillary a 2007 aro ce daga mutanen da suka tura shi majalisa, da waɗanda aka doka tare da shi a Selma. Yana da ikon yi musu hasashe kafin su yi magana. Da suka yi magana a akwatin zaɓe, ikon ya koma hannunsu. Abin da ya raba nasa sauyin da sauya sheƙar 'yan neman muƙami shi ne yadda ya yi shi: a bainar jama'a, da dalili bayyananne, ba tare da zagin wadda ya bari ba, kuma a lokacin da takarar ba ta ƙare ba.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa zumuncin bai mutu ba. Lewis ya riƙe kujerarsa da gagarumin rinjaye, Obama ya rataya masa lambar yabo mafi girma ta farar hula a 2011, a 2016 kuma ya sake tsaya wa Hillary Clinton a kan Bernie Sanders. Ita ma jam'iyyar ta fahimci haɗarin da ke cikin tsarinta: a 2018 ta hana manyan daliget raba gardama a zagayen farko na babban taro. Da Lewis ya rasu a watan Yuli 2020, Bill Clinton da Barack Obama duka sun yi jawabi a jana'izarsa a cocin Ebenezer da ke Atlanta.